Takardar mastar daban, ikon sa hannu daban

A bara, bayan sallar layya, ɗan ƙanwata ya dawo Tawa daga Yamai da takardar mastar a fannin kontabilite da haraji. Shekara biyu ya yi a wata makaranta mai zaman kanta bayan ya gama lisansi, kuma kuɗin karatun nan mahaifiyarsa ta haɗa su ne da adashi da sayar da tumakin da take kiwo a bayan gida, ni ma na sa abin da ya sawwaƙa. Ba a yi mako biyu da dawowarsa ba, Alhajin da nake aiki a kamfaninsa a matsayin kontabul, mai harkar sufuri da kayan gini tsakanin Tawa da Ƙonni, ya ce in zo masa da yaron. Kamfanin ya girma, kuma banki ya ce ba zai ƙara masa bashi ba sai ya kawo asusun shekara wanda mai ikon tantancewa ya duba ya sa wa hannu. Alhaji ya dubi yaron da fara'a ya ce, "To, Malam, tun da Allah ya ba mu namu, ai mun huta da ɗauko mutum daga Yamai. Ɗana, sai ka duba mana ka sa hannu." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, a gafarce ni, doka ba ta ba ni wannan ikon ba." Da muka fito muna tafiya gida, sai ya ce mini, "Kawu, da na san haka tun ranar da na yi rajista, da ba wannan hanyar na bi ba." Ya ce sai a shekararsa ta biyu ya fahimci bambancin da ke tsakanin mastar da ikon sa hannu, kuma daga bakin wani ɗalibi ɗan'uwansa ya ji, ba daga ofishin makarantar ba.

Tun daga wannan rana nake son yin wannan rubutu, domin na tabbata ba gidanmu kaɗai abin ya shafa ba. Ra'ayina shi ne, daidai ne ƙofar zama ekspar-kontabul, wato ƙwararren da doka ta ba ikon tantance asusu ya sa hannu, ta kasance da wuyar shiga, kuma ba na goyon bayan a sassauta ta ko da taƙi ɗaya. Abin da ba daidai ba shi ne a bar iyaye da ɗalibai cikin duhu game da inda ƙofar take, sannan a bar hanyar zuwa gare ta a hannun wanda yake da mai ɗaukar nauyinsa a Yamai ko Dakar kaɗai.

Ya kamata a fara da bayyana yadda tsarin yake, tun da rashin saninsa shi ne tushen asarar. Lisansi da mastar takardun jami'a ne, suna shaida cewa mutum ya yi karatu ya ci jarrabawa. Da su yana iya zama kontabul a kamfani, ko shugaban sashen kuɗi, ko ma'aikaci a ofishin wani ƙwararre, kuma duk waɗannan ayyuka ne masu daraja waɗanda ni kaina na ci abinci da ɗayansu sama da shekara 20. Amma buɗe ofishi da sunanka, ka karɓi littattafan wasu, ka buga hatiminka ka ce wannan asusu gaskiya ne, wannan sana'a ce da doka ta killace. A 1997 ƙungiyar UEMOA, ta ƙasashen Yammacin Afirka masu amfani da kuɗin sefa, ta umurci kowace ƙasa cikin ƙasashenta ta kafa ƙungiyar ƙwararrun kontabul, Nijar kuma ta kafa tata, wato ONECCA, da dokar 2003. Wanda sunansa ba ya cikin rajistar wannan ƙungiya ba ya da ikon kiran kansa ekspar-kontabul, komai yawan takardun da ya rataya a bango. Akwai mataki na biyu a cikin ƙungiyar, na kontabul da aka amince da shi, wanda iyakar aikinsa ba ta kai ta ekspar ba, shi ma kuma da sharuɗɗansa.

Hanyar samun babbar takardar kuwa, ga ɗan Nijar, biyu ce aka fi sani. Ta farko ita ce ta yankinmu, wadda UEMOA ta kafa a shekara ta 2000: mutum ya ci jarrabawar DESCOGEF, ya yi shekara uku cur yana koyon aiki a ƙarƙashin ekspar mai rajista, yana miƙa rahoton abin da ya yi lokaci zuwa lokaci, sannan ya zauna jarrabawar ƙarshe ya kare kundin bincikensa a gaban alƙalai, a ba shi babbar takardar, wato DECOFI. Ta biyu ita ce ta Faransa, inda ake bin jarrabawar DCG mai darussa 13, sai DSCG mai darussa 7, sai koyon aiki na shekara uku, sai babbar takardar, wato DEC. Ko ta wace aka bi, wanda bai taɓa faɗuwa ba zai yi shekara takwas bayan bak, masu kaiwa ƙarshe ba tare da sun maimaita ko darasi ɗaya ba kuwa ba su da yawa. Abin lura a nan shi ne, mastar ɗin makaranta, ko da sunanta ya ƙunshi kontabilite da bincike da haraji gaba ɗaya, ba ita ce DESCOGEF ba, ba kuma ita ce DSCG ba. A tsarin Faransa ma, mastar ɗin da hukuma ta amince da ita tana ɗauke wa ɗalibi wasu darussa ne kawai, amma darasin shari'a da haraji da darasin kontabilite da bincike ba a yafe wa kowa su, dole ya zauna ya rubuta.

Wannan shi ne bayanin da ba a yi wa ɗan ƙanwata ba, kuma bayani ne da bai fi rabin shafi ba. Ban ce makarantar ta yi masa ƙarya ba, ban kuma ce bai koyi komai ba, domin na zauna da shi a kan littattafan Alhaji na ga hannunsa ya faɗa. Amma wanda ya karɓi kuɗin tumakin tsohuwa alhali ya san abin da take tsammani, ya kuma san takardarsa ba za ta kai ɗanta can ba, sannan ya yi shiru, bai sauke nauyin da ke kansa ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ina ganin ya kamata ma'aikatar ilimi mai zurfi ta wajabta wa duk makarantar da ke ba da mastar a wannan fanni ta rubuta a takardar rajista, da Faransanci da kuma harshen da uba zai fahimta idan an karanta masa, ko takardarta tana da amincewar CAMES, majalisar Afirka mai tantance takardun jami'a, da ko tana rage wa ɗalibi wani abu a hanyar zama ekspar, da matakan da suka rage masa bayan ta. Wannan ba ya buƙatar ko dala daga baitulmali.

Akwai masu cewa maganin abin shi ne a buɗe ƙofa: duk mai mastar da ya yi shekara goma yana aiki a ba shi rajista, tun da ƙasa tana fama da ƙarancin ƙwararru. Na fahimci zafin da ke bayan wannan magana, kuma da an yi haka ina cikin waɗanda za su iya amfana da wani sassauci irinsa. Duk da haka ban yarda ba, kuma dalilina yana cikin ma'anar sa hannun kanta. Idan ekspar ya tantance asusun kamfani, ba mai kamfanin yake yi wa shaida ba, domin shi ya san abin da ke cikin aljihunsa. Yana yi wa wanda ba ya nan ne: bankin da zai ba da kuɗin masu ajiya, da abokin tarayya da ke Abijan wanda ya zuba jarinsa bai taɓa ganin mangaza ba, da marayun da mahaifinsu ya bar musu kaso a kamfani, da hukumar haraji. Waɗannan duka ba su da hanyar buɗe littattafai su duba, sun dogara ne ga mutum ɗaya wanda ya rantse, wanda kuma zai iya rasa sana'arsa, har ya gurfana gaban alƙali, idan ya shaida ƙarya. Shi ya sa dokar kamfanoni ta OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci na wasu ƙasashen Afirka, ta wajabta wa kowane kamfani nau'in SA, wato na hannun jari, ya naɗa mai tantance asusu, kamfani nau'in SARL kuma ya naɗa idan ya cika biyu daga cikin sharuɗɗa uku: dukiyar da ke bilan ɗinsa, wato takardar da ke nuna dukiya da bashin kamfani, ta haura miliyan 125 na sefa, cinikinsa na shekara ya haura miliyan 250, ko ma'aikatansa na dindindin sun haura 50. Shi ya sa kuma aka hana wanda ya rubuta littattafai ya zama shi ne mai tantance su, aka hana dangi na kusa na shugabannin kamfani. Ni da nake cin albashin Alhaji, ko da ina da DECOFI a aljihu, ba zan iya tantance asusunsa ba, kuma hakan shi ne daidai.

Mu Musulmi bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma ba ta tsaya ga umurnin a rubuta ba, ta yi maganar adalcin marubucin da kuma shaidu. Ilimin rubutu abu ɗaya ne, amanar mai rubutu abu ne na daban, kuma na biyun ba a gane shi a ɗakin jarrabawa. Shekara ukun koyon aiki, a ganina, nan ne ake gwada shi. Nan ne matashi zai tsaya a mangaza ranar 31 ga Disamba yana ƙirga buhuna da hannunsa, ya ga lissafin takarda ya ce 800 ido kuma ya ce 740, sannan babban mutum wanda ya girmi mahaifinsa ya dafa kafaɗarsa ya ce a bar maganar. Abin da zai yi a wannan lokaci, da abin da zai ga maigidansa ya yi, shi ne sana'ar. Babu mastar da ke koyar da wannan.

To amma a nan ne kuma ƙorafina mafi girma yake, domin wannan shekara ukun da nake karewa ita ce ramin da yawancin ƴaƴanmu ke faɗawa. Koyon aikin ba ya karɓuwa sai a ƙarƙashin ekspar mai rajista, ofisoshin ƙwararrun kuma kusan dukansu a Yamai suke. Daga Tawa zuwa Yamai kusan kilomita 550 ne, ta Ƙonni da Dogondutse da Doso. Matashin da ya ci jarrabawa dole ya bar gida, ya kama hayar ɗaki a birnin da rayuwa ta fi tsada a ƙasar, ya rayu da ɗan abin da ofishi ya ga dama ya ba shi, a daidai shekarun da iyaye ke jiran ya fara tallafa musu, ƙannensa ke jiran kuɗin makaranta, ake kuma yi masa maganar aure. A gefe guda ga wata ƙungiyar agaji ko banki na miƙa masa albashi mai kauri tun yau. Wa zai zarge shi idan ya karɓa? Na san waɗanda suka karɓa da niyyar za su dawo bayan shekara biyu, kuma har furfura ta fito musu ba su dawo ba. Ga ƴan mata abin ya fi tsanani. A azuzuwan kontabilite da na leƙa ba su da ƙaranci, sau da yawa ma su ne kan gaba a maki, amma uba nawa ne a Adar zai bar ƴarsa budurwa ta yi shekara uku ita kaɗai a Yamai a kan aikin da bai isa ya biya mata haya ba? Haka muke rasa su ɗaya bayan ɗaya, ba don sun kasa ba.

Kafin ma a kai ga koyon aiki akwai kuɗin shiri. Makarantun da suka yi suna wajen shirya ɗalibai ga jarrabawar yankin su ne CESAG a Dakar da babbar makarantar kimiyya da fasaha ta Yamusukuro, kuma duk wanda ya taɓa aika ɗa karatu Dakar ya san abin da hakan ke ci. Hanyar Faransa kuwa, wadda manyanmu da yawa suka bi, ta ƙara nisa tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a farkon 2024, neman biza ya koma sai an fita wata ƙasa. Ni dai ban yi baƙin cikin raguwar dogaro da wannan hanya ba, saboda wani dalili na cikin sana'a. Ɗalibin da ke shirin DSCG dokar harajin Faransa yake haddacewa, da tsarin asusun Faransa, inda banki yake lamba 512, sayen haja 607, sayarwa 707. Idan ya dawo Tawa zai tarar a tsarin asusunmu na SYSCOHADA banki 521 ne, sayen haja 601, sayarwa 701, harajin TVA da ake ɗorawa a kan ciniki kuma kashi 19 cikin ɗari ne ba 20 ba. Lambobi ana sake koyonsu cikin wata guda, amma shekarun da aka kashe a kan dokar da ba ta aiki a ƙasarka ba sa dawowa. DECOFI a kan dokokinmu aka gina ta, kuma mai ita yana da damar neman rajista a ƙasashe takwas na UEMOA. Ga mutanen Tawa, waɗanda rabin dukiyarsu ke yawo tsakanin Galmi da Abijan da Lome da Kwatano, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa idan na ji ana cewa tun da mun fita daga CEDEAO mu ƙirƙiro takardarmu ta ƙasa mu kaɗai, nake cewa a yi hattara. Har yanzu muna cikin UEMOA, muna cikin OHADA mai ƙasashe 17, kuma hatimin da ba a san shi ba idan an tsallake Gaya bai amfani ɗan kasuwar albasa da komai ba. Abin da ya kamata mu nema shi ne a kawo hanyar gida, takardar kuma ta ci gaba da zama wadda maƙwabta suka yarda da ita.

Kawo ta gida ba mafarki ba ne. Jami'ar Djibo Hamani da ke nan Tawa tana da tsangayar shari'a da tattalin arziki da gudanarwa, tana kuma da cibiyar koyar da fasaha ta IUT, Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ita ma tana da tsangayarta ta tattalin arziki da gudanarwa. Babu abin da zai hana a gina ajin shirin DESCOGEF mai ƙarfi a jami'ar gwamnati a wajen Yamai, a bi ƙa'idojin hukumar yankin har a samu amincewarta, ƙwararrun ONECCA su riƙa zuwa suna ba da darasi mako-mako, sauran kuma a yi ta intanet. Hukumar ANAB da ke ba da burs tana iya ɗaukar shekarun koyon aiki a matsayin karatu, domin karatu ne, ta ware gurabe kaɗan ga waɗanda suka ci jarrabawar farko, da sharaɗin su yi wa jihohinsu aiki na wasu shekaru bayan sun gama. Gwamnati da kamfanoninta da manyan ayyukan raya ƙasa su ne manyan masu ba ofisoshin ƙwararru kwangilar bincike, saboda haka suna iya sa wa a sharaɗin kwangila cewa ofishin da ya ci ya ɗauki masu koyon aiki da rajista, ya biya su abin da za su rayu da shi. Su ma manyanmu na cikin sana'a ina roƙonsu da girmamawa su dubi wannan al'amari. Kowace ƙungiyar sana'a a duniya tana fuskantar jarrabawar son kai, domin ƙarancin masu hatimi yana ƙara wa hatimi tsada. Ekspar da ya buɗe reshe a Tawa ko Maraɗi ko Damagaram, ya zaunar da matasa biyu yana zagayowa yana duba aikinsu, ya yi wa sana'arsa hidimar da ta fi kowane taro a otal.

Bangaren haraji ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne talaka ɗan kasuwa ya fi jin raɗaɗin rashin ƙwararru. UEMOA ta sa wa ƙasashenta ma'aunin cewa kuɗin haraji ya kai kashi 20 cikin ɗari na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara, Nijar kuwa ta daɗe tana wajen rabin wannan. Duk gwamnatin da ta zo za ta matsa a kan lanho, balle a wannan lokaci da ake maganar dogaro da kai, kuma matsawar a kan wanda ake gani take sauka, wato mai lambar haraji ta NIF da kanti a bakin titi. Ga misali ɗaya da nake yawan ba ƴan kasuwa. Ka sayi kaya na miliyan ɗaya, ka biya TVA jaka 190 a kai. Ka sayar da su miliyan ɗaya da jaka 200, ka karɓi TVA jaka 228 daga hannun mai saye. Abin da za ka kai wa hukuma shi ne bambancin, jaka 38. Amma idan faktir ɗin da aka ba ka lokacin saye ba ta cika ƙa'ida ba, musamman yanzu da hukumar haraji ta DGI ta shigo da faktir mai tantancewar na'ura, ana iya ƙin cire maka jaka 190 ɗin, ka biya 228 gaba ɗaya, ribar jaka 200 da ka yi tsammani ta koma jaka 10. Ba sata aka yi maka ba, kai ma ba ka yi sata ba, takarda ɗaya ce ba ka nema ba. Haka abin yake ga harajin riba na kashi 30 cikin ɗari: ribar da littafi ya nuna ba ita ce ribar da ake yanka wa haraji ba, akwai kashe-kashen da doka ba ta yarda a cire ba, dole a mayar da su, akwai kuma rangwamen da doka ta bayar wanda mai kanti bai san da shi ba balle ya nema. Kowace shekara kuma dokar kasafin kuɗi tana zuwa da sauye-sauye. Inda babu ƙwararre tsakanin mai karɓar haraji da mai biya, abin da ke cike gurbin shi ne tsoro da ciniki a bayan ƙofa, baitulmali ya yi asara, ɗan kasuwa ya yi asara, mai shiga tsakani kaɗai ya ci riba.

A nan mastar ta haraji tana da amfani na gaske, kuma ba na son a fahimci cewa ina rena ta. Ba kowane kanti ne ke buƙatar ekspar ba. Dokar kontabilite ta OHADA da aka sabunta a 2017, wadda ta fara aiki a Janairun 2018, ta ba ƙananan ƴan kasuwa sassauƙan tsari na shiga da fitar kuɗi kawai, matuƙar cinikinsu na shekara bai kai miliyan 60 ba ga masu saye da sayarwa, 40 ga masu sana'ar hannu, 30 ga masu ba da hidima. Waɗannan su ne mafi yawan mutanen kasuwar Tawa da Katako da Wadata, kuma abin da suke buƙata shi ne mai mastar ko lisansi da zai zauna da su a cibiyoyin taimakon lissafi da ake kira CGA, ekspar ɗaya yana duba aikin mutum goma. Da irin waɗannan cibiyoyi sun yi ƙarfi a jihohi, da sun zama wurin aiki ga masu takarda, kuma da an tsara su da kyau da sun zama wurin da wani ɓangare na koyon aiki zai gudana kusa da gida.

Wani abu da ke ba ni takaici shi ne yadda ake cewa ɗan kasuwarmu ba ya son lissafi. Wanda ya faɗi haka bai zauna da su ba. Alhajin da nake yi wa aiki, kowace shekara idan lokacin zakkarsa ya zo, yakan rufe mangaza a ƙirga haja, a tara bashin da yake bin mutane, a ware wanda ake bin sa, a fitar da ɗaya cikin arba'in. Wannan bilan ne, sunan ne kawai ba a ba shi ba. Yana da littafin bashi da ajami wanda babu kuskuren dala a cikinsa. Abin da ya raba shi da mu harshe ne: muna zuwa masa da kalmomin da mu ma a makaranta muka haddace su, ya sa hannu a kan abin da bai karanta ba. Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ina ganin lokaci ya yi da malaman jami'a da ƙwararru za su zauna su daidaita kalmomin wannan sana'a da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, a kuma sa wa mai koyon aiki sharaɗin ya iya bayyana wa mai dukiya asusunsa da harshen da yake ji. Ekspar da ba zai iya gaya wa Alhaji dalilin da ya sa motar da ya saya miliyan 40 ta koma miliyan 30 a takarda bayan shekara ɗaya ba, da sauran karatu a gabansa.

Buƙatar kuma ƙaruwa take yi. A Yamai, a Disamban 2022, ministocin OHADA suka amince da tsarin kontabilite na ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, wanda ya fara aiki a Janairun 2024, ma'ana ƙungiyoyin agaji da na raya karkara da suka cika jihohinmu su ma yanzu suna da littattafan da doka ta tsara musu. Ga man Agadem da aka fara fitarwa ta bututu zuwa gaɓar Benin a 2024, ga matatar Damagaram, ga uraniyom na Arlit, ga siminti na Malbaza a nan jiharmu. A irin waɗannan harkoki rabon ƙasa yana fitowa ne bayan an cire kuɗin da kamfani ya ce ya kashe, kuma wanda ya iya bin diddigin waɗannan kashe-kashe layi bayan layi, ya gane inda aka kumbura farashi tsakanin kamfani da uwarsa ta waje, shi ne ke tsare dukiyar ƙasa a zahiri. Irin wannan mutum shekara takwas zuwa goma ake yi ana gina shi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Maƙwabciyarmu Najeriya ta kafa cibiyar akantocinta ta ICAN tun 1965, kuma ɗalibi a Sakkwato ko Kano yana iya shirin jarrabawarta yana aikinsa a garinsu. Tsarinsu daban ne da namu, ban ce mu kwafe shi ba, amma ya nuna cewa tsananin jarrabawa da kusantar da ita ga mutane ba sa karo da juna.

Alhaji dai a ƙarshe ya ɗauko ekspar daga Yamai, ya biya kuɗin aiki da na mota da na masauki, mutumin ya yi kwana biyar tare da mataimakinsa, ya sa muka gyara abubuwa uku da ni kaina na yarda kuskure ne, sannan ya sa hannu. Ɗan ƙanwata ya zauna tare da su duk kwanakin nan yana miƙa takardu yana tambaya. A daren da za su koma, ekspar ɗin ya ce masa idan ya ci DESCOGEF ya neme shi, zai ba shi gurbi. Yanzu yaron yana aiki da rana a wani kantin sayar da magani, da dare yana karatu da littattafan da muka sa aka aiko daga Dakar. Ni da mahaifiyarsa mun zauna mun yi lissafin hayar ɗaki da abinci da kuɗin mota na wata 36 a Yamai, mun rubuta jimillar a bayan littafin adashinta, kuma ta riga ta sayi tumaki huɗu ta ɗaure.